Baturen Fim da Tatsuniyar Rana

Lokacin da muke zaune a Bagdadiyya ta birnin Jidda, duk ɗan Bahaushen da aka haifa a unguwar nan ya hau rufin gidanmu jin tatsuniya. Ban shiga aji ba, amma in na buɗe baki har masu shanya sai su tsaya da kaya a hannu. Damuwata ɗaya ce: yaran na ji, amma in sun tashi maimaitawa sai Larabci. Na ga abin zai bi ni kabari.

Ana nan sai maƙwabcinmu, wani direba mutumin Chadi, ya zo da Baturen da yake tuƙawa. Ɗan Ingila ne, dogo, wuyansa ya yi ja da rana. Direban ya ce mai shirya fim ne. A da ya yi wasu finafinai da aka nuna a sinimar ƙasarsu, sai kasuwa ta juya masa baya, ya dawo yana ɗaukar hoton injuna a unguwar masana'antu ta Jidda. Ya ji labarina, yana so ya ɗauke ni a fim kafin ya koma.

Na ce, "Sananne ne a can?"

Direba ya yi dariya. "Hajiya, masu sana'ar sun san shi. Mutanen titi kuwa, ya ce ko mai sayar masa da burodi bai san aikinsa ba."

Na ce to ya zo bayan isha'i. Nan aka tsaya. Baturen ya nuna sama, ya ce hasken la'asar yake so, fitila za ta ɓata fuskata. Ni kuwa a garinmu ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓata yake yi a hanya. Ga Jidda da faɗi, ga iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun kafili, Balaraben da ya tsaya mini. In na ɓata wa zai nemo ni?

Direba ya ce, "Haba Hajiya, ke da ko kasuwa ba kya zuwa ke kaɗai!"

Na ce, "Kai dai tuƙa motarka."

Baturen bai yi gardama ba. Ya zauna a tabarma ya tambaya ko dokar tana da makari. Wannan tambaya ce ta sa na yarda mutumin ya san aikinsa. Na tuna kakata, in yara sun matsa mata da rana, takan ƙulle bakin zanenta tamau kafin ta fara. Na ƙulle nawa. Shi ma ya kama gefen rigarsa ya ƙulle, ya sa direba ya ƙulle. Na tara yara, na yi ta zubawa har aka kira magariba.

Bayan ya koma ƙasarsu ya aiko kaset. Kaset ɗin ya zaga Bagdadiyya, ya shiga unguwar Aziziyya, alhazai suka kwafa suka tafi da shi Nijar da Sudan.

Kwanakin baya jikata, wadda nake faɗa tana rubutawa, ta nemo shi a kwamfuta. Ta ce ya ci gaba da ƙananan finafinai har ya tsufa, an ɗan yabe shi, sunansa bai yi nisa ba. Na ce ba komai, a nan gida-gida aka san shi. 'Yarta ƙarama ma daga kaset ɗin ta haddace tatsuniya biyu, da Hausa take yi wa 'yan ajinsu, har da kwaikwayon tarina.