Katangar Na'Allah

Tun yana yaro a Ƙofar Kware, Na'Allah ya ɗauki aikin da ba wanda ya ba shi, wato fassara hukuncin Ubangiji. In akuyar maƙwabci ta mutu, ya san zunubin da ya kashe ta. Da ya girma ya gaji dukanci, yana ɗinka takalma da kube a kasuwa, amma bakinsa ya fi basillarsa aiki. Gobara ta ci shago, ya ce tauye mudu ne. Babur ya kaɗe mutum, ya ce dama ba a ganinsa a sallar asuba. Shi kuwa in zazzaɓi ya kwantar da shi, wannan jarrabawa ce irin ta bayin Allah na gari. Laifi tudu ne.

Kada dai mu zalunce shi: yana son mahaifiyarsa, Inna Iyatu, fiye da ransa. Da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, ya gina mata ɗakin ƙasa a ƙuryar gidansa na Mabera, don ya fi sanyi.

Sai Allah ya haɗa shi maƙwabtaka da Mode, mai gidan kallon ƙwallo, inda ake ihu har a kira la'asar. Na'Allah ya tabbata azaba tana tafe, fargabarsa kawai kada ta ɓata hanya ta shigo masa. Ya ja katangar bulo mai tsawo. Rariyar da ke fitar da ruwan gidansa ta wajen Mode ma ya toshe ta da siminti.

"Malam, ruwa hwa, ina za su bi?" in ji Mode.

"Ko rariya ba ni haɗawa da ku. Ranad da hukunci yaz zo, ka gani."

Wata azahar a tsakiyar damina aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na'Allah yana rumfarsa, har da murmushi, don yana jin yau ce ranar Mode. Matarsa ta tafi biki, Inna kaɗai ke gida. Ruwan titi ya kwararo ta ƙofa, ya rasa mafita, ya tasam ma ƙurya.

Da Na'Allah ya iso unguwa, wando a naɗe, ya tarar da Mode riƙe da diga. Ashe Mode kiran tsohuwa ya jiyo, ya fasa katangar, ruwan ya bi ta gidan kallo ya kwashe bencina, ya jiƙa talabijin da janareta. 'Yan kallo sun goyo Inna sun ɗora ta kan tebur. Ɗakinta kuwa ya rufta bayan fitarta kaɗan.

Na'Allah ya rungume ƙafafun uwarsa yana kuka, tsoro da kunya sun cika shi. Sannan idonsa ya kai kan talabijin a cikin laka, tsohuwar magana ta taso masa har baki. Ai ga hukuncin ya sauka, a gidan Mode, kamar yadda ya faɗa.

Inna ta san ɗanta. Ta dube shi ta ce, "To Malam, hwaɗa muna mu ji. Wagga ta Mode, azaba ta ko jarrabawa?"



"Allahu a'alamu," in ji shi a hankali. Ba a taɓa jin kalmar a bakinsa ba sai ranar.

Ya ari bokiti, ya shiga gidan kallo ta ɓarakar katangarsa, ya fara kwashe laka.