Kawu Ilu Ba Ya Amsa Gaisuwar Tsaye

Ranar Asabar ce, ashirin da tara ga watan Mayun 1999, da hantsi. Mu huɗu ne a zauren Kawu Ilu a Gyaɗi-Gyaɗi: shi mai gidan, da Alhaji Sabo mai hatsi, da Malam Tanko ladan, sai ni da na shigo a ƙarshe. An fito da talabijin an ɗora a kan benci, domin a ranar ne sojoji za su miƙa mulki ga farar hula.

Ku da kuka san Kawu kun san da ido yake amsa gaisuwa. Sai ya ga yadda ka durƙusa da yadda ka tashi, sannan ya ce maka lafiya lau. Yayan mahaifiyata ne, tsohon saje mai koyar da motsa jiki a soja. Ya haura saba'in, amma in zai zauna, naɗe ƙafa yake yi kamar mai naɗe tabarma.

Ni kuwa a lokacin ina aiki a gidan rediyo, in fassara labarai, in karanta. Zaman kujera ya cinye mini baya, har ta kai a wannan babbar rana ina hutun rashin lafiya. Amma ba aikin ne ya fi damuna ba. Wata da watanni goshina bai taɓa ƙasa ba. Farar kujerar roba nake sallah a kanta, can ƙarshen sahu tare da tsofaffi, ga ni ban ko cika arba'in da biyar ba.

Na yi sallama, na ce, "Kawu, ina kwana?" A tsaye.

Ko kallona bai yi ba. Ya juya ya ce, "Alhaji Sabo, yaushe aka kafa falwaya a zaurena?"

"Kawu, baya ne."

"Ai na gani. Kwanta."

"Kawu, yanzu fa za a yi rantsuwar..."

"Kai za a rantsar? Kwanta, ɗan rediyo!"

Na kwanta rigingine a tabarma. Ya tambaye ni ko ciwon yana sauka har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kufce mini. Na ce a'a. Ya ce, "Madalla. Duk da haka Litinin za mu asibiti. Ni saje ne, ba likita ba." Sannan ya sa na lanƙwasa gwiwoyi, na kama ɗaya da hannu biyu in jawo ta zuwa ƙirji. Na fizgo ta da ƙarfi don a gama da wuri.

"Kai! A hankali, ba yaƙi ba ne! Ja har ka ji jijiya ta miƙe. In ka ji suka, saki. Kuma yi numfashi mana, da ranka fa."

"Har yaushe zan riƙe?"

"Gaida surukinka."

"Na'am?"

"Tun daga ina kwana har ka kai ga mutanen gida. Gaisuwar suruki ba a yi mata gaggawa. In ka gama, ka saki ƙafar."

Shi ya sa har yau in aka tambaye ni ina nake lokacin da soja suka sauka, nakan ce rufin zaure nake kallo, gwiwata a ƙirji, ina gaida wani dattijo da ke zaune lafiyarsa a Hotoro. Malam Tanko ne ma yake amsawa a madadinsa: "Lafiya lau, Habu. Gajiya ta bi lafiya."

Da aka gama rantsuwa, Alhaji Sabo ya ce, "To, Saje, mutanenka sun tafi."

Kawu ya ce, "Su sauka lafiya, da ma ba mulki aka koya mana ba. Habu, ɗaya ƙafar!"

Ranar Litinin muka je asibitin koyarwa. Bayan an duba ni, aka tura mu wurin likitar gashin ƙashi, wata matashiya mai fara'a. Kawu bai jira an tambaye shi ba, ya tuɓe hula ya shiga nuna mata duk abin da ya tanadar mini. Ta yarda da jan gwiwa, ta yarda da tafiyar ƙafa. Da ya miƙe tsaye ya sunkuya yana lilo da jiki don ya taɓo yatsun ƙafa, sai ta ɗaga hannu.

"Baba, wannan kam a bar shi. Lilon nan ƙara wa mai ciwon baya ciwo yake yi."

Na ce a raina yau za a yi ta. Kawu ya dube ta sama da ƙasa, sai kawai ya ƙame ya sara mata. Muka kamo hanyar gida. Washegari da la'asar na tarar da shi a majalisa yana yi wa Alhaji Sabo tsawa, shi kuma bawan Allah yana sunkuye yana lilo.

"Wane mugun ne ya koya maka wannan ta'asar?"

"Haba Saje! Ai kai ne, tun zamanin..."

"Kana da shaida?"

Daga nan ya ɗaura mini aure da safiya. Kullum bayan asuba zai tako da ƙafa daga Gyaɗi-Gyaɗi har gidana a Tarauni. Na roƙe shi ya riƙa hawa acaɓa, ya ce shi bai ga dalilin da zai biya yaro ya jijjiga masa ƙugu ba, alhali ga ƙafa kyauta. In ya iso sai ya sa ni gaba mu zaga layi tukuna, wai jijiya kamar fata take, ba a jan ta da sanyi. Sannan tabarma. Bayan jan gwiwa sai in yi rarrafe, in tura gadon baya sama, in sake shi a hankali.

"Kamar kyanwa in ta tashi daga barci," in ji shi. "Ka taɓa cin karo da kyanwa a layin karɓar katin asibiti?"

Kayan aikinsa kuwa tsohon rawani ne guda, wanda ya koɗe har ba a san asalin launinsa ba. Ina kwance zan maƙala shi a tafin ƙafa, in ɗaga ƙafar a hankali har in ji bayan cinya ya miƙe. Ni kuma da na ga abin ya yi arha da yawa, sai na je kemis na sayo wata faffaɗar ɗamarar baya mai tsada. Kawu ya juya ta, ya shinshina, ya fita tsakar gida. Da na leƙa, ya ɗaure gwandar Binta matata da ita, wadda iska ta karkatar.

"Wannan ce mai buƙata," ya ce. "Ita ba ta iya motsi. Kai mene ne uzurinka?"

Bintar ma sai da ya jawo mata abin faɗa. A safiyar farko ta jiyo ni daga ɗaki ina cewa, "Ina kwana, Baba? Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki?" Sai ga ta da mayafi da kofin ruwa, tana murna mahaifinta ya zo. Ta tarar da ni ƙafa a sama.

"Ina Baban?"

Kawu ya karɓi ruwan ya shanye, ya ce, "Ya gode, 'yar nan. Ya ce a kawo masa koko da ƙosai."

Ban ji sauƙi a mako ɗaya ba, ban ji a biyu ba. Amma damina na wucewa na koma aiki, na iya ɗaura takalmi da kaina, na iya durƙusawa har Kawu ya amsa gaisuwata. Likitar ta ce babu abin da zai hana ni sujada, in dai zan sauka a hankali. Na ce to. Sai dai ko a ɗaki na gwada, ina kai gwiwa ƙasa sai tsoro ya kama ni, in tuna ranar da bayan ya riƙe aka cicciɓe ni. Na ci gaba da sallah a kujera.

Da azumi ya kama, Kawu ya zo shan ruwa gidana. Muka ci dabino muka fita masallacin layinmu. Na duba lungun da nake ajiye kujerar, wayam.

"Kawu, ba ka ga kujerata ba?"

"Na ba wanzamin bakin titi sadaka da sunanka. Allah ya karɓa."

"Kawu!"

"An ta da sallah. Matso nan kusa da ni."

Ya riƙe hannun rigata ya shigar da ni tsakiyar sahu. Fatihar da liman ya karanta ban ji rabinta ba. Ruku'u ya wuce lafiya. Da aka yi kabbarar sujada, na sauke gwiwa, na dafa hannu, na saki numfashi kamar yadda aka koya mini, na tafi a hankali ina jiran sukar. Ba ta zo ba. Sai sanyin tabarma na ji a goshina, da ƙanshin ƙasar da ke ƙarƙashinta. Wallahi ban san na yi kewar ƙanshin nan haka ba. Hawaye suka zubo, na kasa ɗagowa da wuri.

Bayan sallama Kawu ya gama tasbihinsa tsaf, sannan ya karkato ya raɗa mini, "Liman ya ɗago tun tuni, kai kana can. Na ɗauka sai an kira 'yan kwana-kwana." Yana faɗa yana goge ido da bakin hula, wai hayaƙin mai tsire ne.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu. Ya Allah, shi ne ya mayar da goshin wani bawanka ƙasa, ka sa wannan a mizaninsa. Ka yalwata masa makwanci, ka hutar da ƙafafun nan da suka sha hanya saboda mu.

Ya rasu bayan wasu shekaru, bai daɗe yana jinya ba. An kai shi maƙabartar Tarauni bayan la'asar. Ni da babban ɗansa muka sauka cikin kabarin muka karɓe shi. Na sunkuya na gyara masa kwanciya, na fito ba tare da an miƙo mini hannu ba.