Tafiyar da Inna Ta Ɓoye Mini

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma Inna Bafulatana ce ta Faru. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da nake nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta cin abinci a gabana, balle ta ce mini wani wuri na yi mata ciwo. In na taso daga Talata Mafara na je gaishe ta, kullum a zaune nake samunta, amsa ɗaya ce: "Lahiya lau."

Ƙanwata, autarmu da ke aure a Bakura, ita ta tona asiri. Ta ce, "Yaya, kai kaɗai na ba ka sani ba. Inna da rarrafe taka zuwa alwala."

Na ji haushi, na ji kunya, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Ni da autar muka ɗauki Inna zuwa wani babban asibiti a birni. Hoton ƙashi ya nuna gwiwar dama ta cinye, sai an sa ta ƙarfe. Likitan, wani mai yawan murmushi, ya yi mana bayani cewa yanzu ba kowa ake miƙe wa ƙafa sambal ba. Kowa da yadda Allah ya ƙera shi, wani da ɗan gwame, wani babu. Za su manna mata wasu 'yan ƙwallaye a ƙafa, ta yi tafiya a gaban kyamara, kwamfuta ta haɗa tafiyar da hoton ƙashin, ta nuna yadda za a zaunar da ƙarfen daidai da jikinta. Ya ce in tafiyar ƙarya aka ba kwamfuta, lissafin ƙarya za ta bayar, ƙarfen ya zauna a karkace, ciwon kuma ya ƙi tafiya.

Ni uban iyawa, na ce ni zan tsaya na yi tafinta in likita bai gane Hausar Inna ba. Inna ta miƙe ta ratsa ɗakin nan kai a sama, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono zuwa kasuwa. Ko dafa bango ba ta yi ba. Har na fara murna a raina.

Likita ya dubi allon, ya dubi hoton ƙashin, murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Mai wannan gwiwar ba za ta iya wannan tafiyar ba. Mama, ina ke ciwo?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Da sauƙi, ɗana."

Autarmu ta ja ni gefe. "Yaya, don Allah hita. In kana nan, ko ƙahwar ta karye ba ta ɗingishi."

Na fita. Na zauna a benci ina ta tunanin wannan kunya tamu. Da ita aka rene ni, ina alfahari da ita, ban taɓa zaton za ta iya sa a dasa wa uwata ƙarfe a karkace ba. Likita bai san al'adar ba, ni da na sani kuwa na tsaya ƙiƙam a ɗakin.

Da suka gama sake ɗaukar tafiyar, aka fitar da Inna ta wata ƙofa, likita ya kira ni. Ya ce yanzu lissafi ya yi daidai, za a bar mata ɗan gwamenta yadda yake. Sai ya kunna mini abin da suka ɗauka. Babu fuska, babu zane, ƙasusuwa ne kawai a allo suna tafiya. Gwiwar dama na lanƙwashewa waje, ƙugu na karkacewa, kowane taku sai an ɗan tsaya kafin a ɗaga ɗayar ƙafar.

Ya miƙa hannu zai kashe, na ce ya bari tukuna. Na roƙe shi ya sake kunna mini daga farko.