Yabon da Ya Ci Bizar Barikisu

Shekara bakwai Barikisu ta yi tana goge gumin matan masu kuɗi a wani ƙaramin gidan motsa jiki na mata zalla a Dubai. 'Yar Zangon Kumasi ce, gajera, mai jiki, in tana dariya har cinya take bugawa. Ɗaki ɗaya muka zauna a Al Rigga, gadonta a ƙarƙashin nawa, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Irin waɗannan gidaje ba sa shekara biyu a kan yayi ɗaya. Lokacin da ta fara aiki keke ake yayi: mata ashirin a ɗaki mai duhu suna tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina. Daga nan aka kawo ɗakin zafi. A garin da rana ke narkar da takalmi, wai sai ka biya kuɗi a dafa ka. Sai gadon Pilates mai sifirin, sai bahon ƙanƙara. Duk sanda yayi ya sauya, sai a sallami masu horarwa a ɗauko sababbi. Barikisu kuwa tana nan daram, don kowane yayi da tawul yake ƙarewa.

Saura sati uku a sabunta mata biza, wata babbar kwastoma ta dawo daga hutu. Barikisu na ƙaunar matar, don ta taɓa ba ta takalmi. Ta miƙa mata tawul, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce da Turancinta na Kumasi, "Madam, kin yi ƙiba paa, masha Allah. Gida ya karɓe ki."

A wajenmu wannan yabo ne, har godiya ake yi. Kafin la'asar matar ta zazzage fushinta a intanet, ta ba gidan tauraro ɗaya cikin biyar.

Manajar gidan, Khairunnisa, 'yar Kano ce da ba ta yin Hausa a wurin aiki. Barikisu ta same ta a ofis ta ce, "Anti, ke ai kin san nufina. Don Allah ki yi mata bayani."

Ko ɗago kai daga waya ba ta yi ba. "Nan ba Zango ba ne. Khalas, shi ke nan, ajiye katin aikinki."

Abin da ya fi ƙona mini rai, ta sani sarai. Na tabbata haka ake tarbarta duk sanda ta je Kano.

Aka soke biza, aka ba ta wa'adin barin ƙasar in ba ta samu wani aikin ba. Ba inda ba ta taka ba, daga otal-otal ɗin Deira har shagunan yadi na Bur Dubai. Abinci ya koma sau ɗaya a rana. Cikin sati shida zaninta ya fara zagaye ta sau biyu.

Ranar nan suka yi kiciɓis da Khairunnisa a tashar jirgin metro. Abin mamaki, da Hausa Khairunnisa ta yi mata magana. "Habibti, kin rame, masha Allah. Tsaya in ɗauke ki hoto, akwai abin da nake shiryawa."

Barikisu ta gyara mayafi ta yi murmushi. Ta dawo ɗaki da murna, har da goge tsohon yunifom ɗinta.

Bayan kwana biyu muka ga hoton a shafin gidan, an jera shi da wani tsohon hotonta na walimar ma'aikata. A kan ɗaya an rubuta "kafin", a kan ɗaya "bayan". Tallan sabon shirinsu ne na rage ƙiba cikin sati shida. Ba wanda ya kira ta.

Ran Juma'a na raka ta filin jirgi. Da ta isa Kumasi, uwarta na ganinta a ƙofa ta fashe da kuka, tana tambayar wace cuta ce ta kama ta. Hoton kuwa yana nan har yau. Mutum dubu huɗu sun danna masa alamar so, har da matar da ta ba ta takalmi.