Kwanon Yaron Nan

Ranar Litinin, ɗaya ga Oktoban 1979, tun rana ba ta fito ba kakata Iya ta tashe ni da zungurin ƙafa, wai in je in share ɗakin zaure. Ɗakin nan kuwa ya shekara goma ba wanda ya kwana a cikinsa sai ɓeraye da tsofaffin fatun Baffa. Ina shara ina ƙunƙuni, ita kuma tana bina da kaskon turaren wuta. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta cika tulu da ruwa, sannan ta sa aka yanka jan zakaran da ni na yi kiwonsa tun yana ɗan tsako. Ranar ce sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, duk lungunan unguwarmu Mandawari ba ka jin komai sai rediyo. Iya ba ruwanta da wanda ya hau ko wanda ya sauka. Abin da ta ce kawai shi ne, "Mulki ne ya riƙe su. Yau sun sauke kaya, yaron nan zai nemi gida."

Yaron nan shi ne ubana. Ɗanta ne na fari, kuma Iya mutuniyar dā ce, kunyar ɗan fari ba ta barinta ta kama sunansa ko da wasa. Badukun kasuwar Kurmi ne shi, yana ɗinka jaka da takalmi tare da ƙanensa Baffa, har yaƙin basasa ya tashi ya ajiye basilla ya shiga soja, lokacin ina goye. Daga nan shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Mahaifiyata ta jira iya jiranta, alƙali ya raba auren, ta yi wani a nesa, ni kuma Iya ta riƙe ni.

Kullum da magariba in an zo rabon tuwo, Iya sai ta jera kwanuka a bakin murhu, kowa da nasa, ta fara da wani koren kwano mai ɗan tsaga a baki. Ta sa masa malmala biyu, ta zuba miyar kuka, ta ɗora man shanu, ta rufe da faifai ta kai kan randa. Wanda ya fita ai ajiye masa ake yi. Da safe kuma ni ake ɗumama wa kafin in tafi firamare. Wallahi ban taɓa jin komai ba sai daɗi. Har gori nake yi wa ƙawayena a wajen 'yar gala-gala, ina cewa ni ɗumamena da man shanu. Da tuwon ubana na girma, ban san abin da nake ci ba.

Ranar ta ɗaya ga wata muka wuni a zaure. Duk takun da muka ji a lungu sai Iya ta gyara mayafi. Mai ruwa ya wuce, mai kalanzir ya wuce, aka kira isha'i, naman zakara ya huce a tukunya. Washegari ma haka, mako ya bi mako. Matar da ke tashi da asuba ta soya alkakin sayarwa, ta yi surfe tana yi min faɗa a kan tankaɗe, sai ga ta ta koma zaman zaure, hannu a haɓa, tana ramewa muna kallo. Baffa ya zuba mata ido, don ya taɓa kawo maganar a yi wa ubana sadakar mutuwa, ta yi wata ba ta amsa gaisuwarsa ba.

A unguwarmu akwai wani tsoho, Baba Saje, wanda ya yi yaƙin Bama zamanin Turawa, yana gadin rumfuna a Kurmi. Mu yara ba mu bar shi ya huta ba, bin sa muke yi muna buga ƙafa muna sara masa, ya juyo da sanda mu watse. In ya ga dama kuma ya tara mu a gindin ganuwa ya ce, "Garin nan da kuke gani, jinin mutane ne ya tsare shi, tun zamanin kibiya har zuwan bindiga." Cikin Janairun da ya biyo, ranar tunawa da mazan jiya, ya yi sallama a zaurenmu sanye da tsohon kakinsa, lambobi na reto a ƙirji. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, tashi in kai ki inda muke zuwa saboda irin su." Na zaci kora za ta yi masa. Sai kawai ta ce in ɗauko mata takalmi.

Wurin a bayan gari yake, fili ne da wani farin ginshiƙi a tsakiya, an sassaƙa sunaye a jikinsa. Manya suka ajiye furanni, aka busa begila, aka harba bindiga har na ɓuya a bayan Iya. Ita kuwa taɓe baki ta yi ta ce, "Fure kuma? Mamaci addu'a yake so." Na matsa na bi sunayen da ɗan karatuna, ban ga na ubana ba. Baba Saje ya ce min waɗannan na yaƙoƙin Turawa ne.

Bayan motocin manya sun tafi, sai tsofaffin sojojin suka zauna a ƙasa suka yi da'ira, wani ba hannu, wani da sanda. Ashe suna da tasu al'adar. Kowa zai kira sunan nasa da bai dawo ba, sauran su amsa da Allah ya jiƙansa. Suna zagayawa har aka zo kanmu. Baba Saje ya ce, "Iya, saura naki. A nan ba a cewa yaron nan, duk waɗanda muka kira yaran wasu ne. Kira shi." Iya ta sunkuyar da kai. Tsofaffin nan suna jira, hannuwansu a buɗe. Na buɗe baki zan faɗa a madadinta, ta matse min yatsu har sai da na ji zafi. Can ta ɗago, ta ce, "Habibu." Ta sake cewa, "Habibu, ɗana." Suka amsa gaba ɗaya, aka shafa fatiha. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har ta rasu.

Da magariba ta jera kwanuka yadda ta saba. Ta ɗauki koren, ta riƙe shi jim kaɗan, sannan ta wanke shi da kanta ta kife a kan randa. Ta kira Baffa ta ce ya sanar da liman a yi sadakar. Da safe na tashi na nufi randa, na tarar ba ɗumame, na zauna a tsakar gida na yi ta kuka kamar raina zai fita. Matan gida suna ta cewa kai, wannan yarinya da kwaɗayi. Iya ce kaɗai ta jawo ni jikinta. Ranar na zama marainiya, ina da shekara goma sha biyu.

Yanzu ganuwar da muke zama a gindinta ta zaizaye, an yi shaguna a wurin, Baba Saje da abokan da'irarsa duk ƙasa ta rufe su. Har yau ana ajiye furanni duk Janairu, ina gani a talabijin, amma ban san ko akwai masu zama a ƙasa bayan manya sun tafi ba. Koren kwanon yana ɗakina. Ɗana na fari sunan ubana aka sa masa, Abba muke ce masa, in ya yi dare a waje a kwanon nake ajiye masa tuwo. Sunan da Iya ta faɗa sau biyu a rayuwarta, ni ko a nan rubuta shi na yi, bakina bai iya faɗa ba.