Sitikar da Na Manna a Kan Jar Wuta

Shekara ashirin da biyar ke nan cif, a wannan daminar, da rasuwar aminina Bitrus mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, wanda rumfarsa take bakin hanya a Kakuri. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana ba ni da wurin ɓuya, domin 'yarsa Rahila ta zo har gidana a Makera ta yi mini tambayar da na yi shekaru ina gudu. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, a wurin biki wata mata ta ce wai babana ne ya lalata motar unguwa da hannunsa, ita kuma ta mutu da shi a hanya. Da gaske ne?" Na ce mata ta je, zan ba ta amsa. Wannan rubutun da na aiko wa jarida shi ne amsar, kuma da fushi nake yin sa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bitrus mutumin kudancin jihar nan ne, gajere, mai saurin magana, mai taurin kai kamar me. Ni a lokacin ina aiki a masaƙa, kuma kullum idan na taso sai na biya ta rumfarsa mun sha rake mun yi musu. Kayan aikinsa ba su cika aljihu biyu ba: sukudireba, filaya, da wani ƙaramin kwan fitila da ya haɗa wa waya biyu. Da wannan kwan yake bin wayoyin mota ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda wuta ta tsaya.

Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne mutum ya zo da mota ya ce, "Batir ne." Sai ya ce, "Wa ya gaya maka?" Yakan ce batir randa ce kawai, altaneta ita ce mai ɗebo ruwa ta zuba a ciki. Idan ka ga randa ta ƙafe, kafin ka fasa ta ka sayi sabuwa, je ka duba ko mai ɗebo ruwan tana nan da rai. Gwajinsa ba wuya. Zai sa a tada mota, a kunna fitilun gaba, a taka totur. Idan hasken ya ƙaru, ana caji. Idan ya tsaya yadda yake, sai ya kai bakin sukudireba bayan altaneta ya ji ko za ta ja ƙarfen. In ba ta ja ba, magana ta ƙare. Masu sayar da batir na layin ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, domin mutum nawa ya koro daga shagonsu da tsohon batirinsa a hannu.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, kowa ya ɗauka an gama shan wahala. Wanda muka zaɓa daga yankinmu, ba zan kira sunansa ba, Onarabul muke ce masa, ya ba ƙungiyar unguwarmu kyautar wata ƙaramar bas 'yar kwatano, don kai marasa lafiya asibiti da ɗaukar gawa, ta Musulmi da ta Kirista. Mun yi murna ƙwarai. Ni ne sakataren ƙungiyar, saboda kawai hannuna ya fi na sauran kyau a rubutu. Makulli yana wurin shugabanmu, wani Alhaji mai sayar da katako, tuƙi kuma aka ba Garba direba.

Tun ranar da aka kawo ta, wata 'yar jar wuta mai hoton batir take ci a gaban direba, ko inji yana aiki ba ta mutuwa. Kwana biyu, mota ta ƙi tashi sai da turi. Bitrus ya zo da kansa ba wanda ya kira shi, ya sa Garba ya kunna fitila ya taka totur, ya kai sukudirebarsa, sannan ya miƙe ya ce, "Alhaji, motar nan ba ta caji. Burushin altaneta ne, ɗan gawayin nan da ke cikinta, ya cinye. Ku ba ni ita wuni ɗaya, ba na son ko sisi."

Alhaji ya haɗe rai. Saura kwana uku Onarabul ya zo bikin miƙa mota, da masu hoto da makaɗa. Ya ce ba za a kwance kyautar babban mutum a bakin titi kowa yana kallo ba, a je a ce masa mun ce ya ba mu ruɓaɓɓiya. Wani daga gefe ya ƙara da cewa ai Bitrus ɗan ɗaya jam'iyyar ne, so yake ya kunyata mu. Nan take maganar burushi ta koma maganar siyasa. Aka yanke shawara a sayi sabon batir, aka bar jaki aka doki taiki. Ina wurin, na san aminina ya fi su gaskiya, kuma ni na rubuta shawarar da kyakkyawan hannun nan nawa.

Sabon batir ya shiga, mota ta tashi da bugu ɗaya, aka yi tafi. Amma jar wutar tana nan tana kallonmu. Da safiyar biki Alhaji ya ce Onarabul zai zauna a gaba a ɗauke shi hoto, kada ya ga wannan abin. A aljihuna akwai ragowar sitikar kamfen mai hoton Onarabul yana murmushi. Na ɓare bayanta, na manna ta daidai kan wutar, na shafa da babban yatsa har ta kwanta. Garba ya yi dariya ya ce, "Sakatare, ka fi Bitrus iya gyara."

Daga nan muka samo dabara. Duk bayan kwana biyu ko uku Garba zai cire batirin ya kai wa mai caji, wanda yake yi wa masu talabijin cajin batir, ya kwana a can a dawo da shi. Tafiye-tafiyen motar gajeru ne, daga unguwa zuwa asibiti, daga asibiti zuwa maƙabarta, don haka asirinmu bai tonu ba. Sau biyu Bitrus ya tambaye ni labarinta. A na biyun, don in huta da shi, na ce masa an kai ta cikin gari wani ya gyara. Ya ce, "To, madalla." Na ga ransa ya sosu da aka kai wa wani, kuma saboda zuciya irin tasa bai sake leƙa motar ba. Wannan ƙaryar ta fi sitikar muni, kuma ita ma tawa ce.

Daminar da ta biyo baya, Bitrus yana gonarsa a can bayan Kakau maciji ya sare shi a ƙafa da safe. Maƙwabcin gonarsa ya fito titi neman mota, direbobin wurin suka ƙi shiga hanyar gona saboda laka, sai ya shigo gari ya same mu wajen azahar. Ni da Garba muka shiga bas muka kama hanya. Tun kafin mu kai Kakau ruwa ya ɓarke, gari ya yi duhu, Garba ya kunna fitilu da waifa. Muka sami Bitrus kwance a bukkar gona, ƙafa ta kumbura har gwiwa, amma yana cikin hankalinsa. Muka kwantar da shi a kujerar baya, muka juyo.

Ba mu yi nisa ba na ji muryarsa daga baya. "Garba, me ya sa waifarka take jan ƙafa? Danna hon in ji." Garba ya danna, hon ya fito kamar akuya mai mura. Bitrus ya ce, "Kashe fitila, kashe waifa, maza. Yaushe motar nan ta daina caji?" Garba ya dube ni, sannan ya faɗi gaskiya: ba ta taɓa yi ba, kuma kwana biyu an ɗauke wuta, mai caji bai samu ya yi wa batirin komai ba. Inji ya fara sheƙa yana tsinkewa. Bitrus ya ɗago kai da ƙyar ya hango gaban mota. Ya ce, "Sakatare, ɓare hoton nan." Na ɓare. Wutar tana nan, ta dushe amma tana ci. Ya ce, "Ai tana ta gaya muku." Daga nan inji ya mutu.

Mun tura motar nan cikin laka har ƙarfinmu ya ƙare. Bitrus da kansa ya ce mu daina, motar fetur ba ta tashi da turi idan babu ɗigon wuta a batir kuma babu mai zuba masa. Muka goya shi, ni da Garba muna karɓa-karɓa, cikin ruwa, har bakin titi, inda muka daɗe kafin wata a-kori-kura ta tsaya. A bayanta, kansa a cinyata, ina jira ya zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "In kun koma, burushi ne. Kada ku sake sayen batir." Mun isa asibiti bayan magariba. Likita ya dube mu ya ce ina muka tsaya tun safe. Washegari da hantsi Bitrus ya cika.

Na san abin da za a ce mini, kuma na yi imani da shi: kwana idan ya ƙare, ya ƙare. Amma ƙaddara ba ta da babban yatsa, ba ita ta shafa sitika ba. Na gaji da yadda muke lulluɓe sakacinmu da sunan Allah, mu yi ɓarna da hannunmu sannan mu ɗaga kai sama.

Abin da har yau yake tafasa mini zuciya ya faru ne a wurin zaman makoki. Wani ya tambayi yadda sabuwar mota da sabon batir za ta mutu a hanya. Alhaji ya yi ƙasa da murya ya ce, "To, Allah ya jiƙan rai, ai marigayin ne ya fara taɓa wayoyinta." Mamaci ba ya musu. Garba ya sunkuyar da kai saboda abincinsa yana hannun Alhaji. Ni ba ni da wannan uzurin, amma na yi gum, domin idan na buɗe baki sai an tambayi wa ya rufe wutar. Maganar ta bi gari har ta zama labari. Kuma kun san abin da ƙungiya ta yi da aka jawo motar gida? An sayi wani batir. Bayan 'yan watanni shi ma ya mutu, aka jingine bas ɗin a bayan makaranta, kaji suka gaje ta.

Nakan tambayi kaina me Bitrus zai ce da a ce ya ga yau. Motoci sun zama masu kwamfuta, masu rewayar zamani suna yawo da na'ura a hannu, su jona ta a ƙarƙashin sitiyari ta karanta musu ciwon mota. Na tabbata zai so na'urar nan, domin shi mai son sanin gaskiyar abu ne. Amma kwanan baya a wani gareji na hanyar Kachia na ji wani mai mota, da babbar riga da komai, yana cewa, "Kai dai goge mini wutar nan, sayar da ita zan yi." Mai na'ura ya danna, wuta ta ɓace, aka yi musabaha. Sitikar ce dai, an daina manna ta da yatsa. Kuma ba a gareji kaɗai ba: zaɓe nawa muka yi tun daga wancan, kowane da sabon batirinsa da makaɗansa, famfo a bushe, asibiti ba magani, duk wanda ya nuna jar wuta a ce ɗan adawa ne. Sai dai laifi tudu ne, kuma ba ni da bakin hango na kowa ina tsaye a kan nawa.

Me ya rage na Bitrus? Rumfarsa an rushe ta, shagon sayar da batir ne a wurin yanzu, abin da da ya gani da ya yi tsaki har a ji a can garin Rido. Alhaji ya rasu, Onarabul ban san inda yake ba. Amma har yau akwai tsofaffin direbobi a Kakuri da idan mota ta ƙi tashi, kafin su taɓa aljihu sai su ce a kunna fitila a taka totur tukuna, da yawansu ba su ma san daga bakin wa suka gaji wannan ba. Kwan fitilarsa mai waya biyu yana wurina, matarsa ta ba ni a matsayin amininsa, na karɓa ban ji kunya ba. Abin da ya fi duka shi ne sunansa na mai faɗin gaskiyar ciwo, kuma shi ne abin da na bari aka ɓata shekara ashirin da biyar.

Rahila, ubanki bai lalata motar nan ba. Sau ɗaya ya taɓa ta, da bakin sukudireba, ya faɗi ciwonta daidai, muka hana shi gyarawa. Ni na rufe wutar, ni na ce masa an gyara, ni na yi shiru da aka ɗora masa. Ranar Lahadi idan kin dawo daga coci zan zo da jaridar nan da kwan fitilarsa, in zauna a ƙofar gidanki har ki gama karantawa. Duk abin da kika ce mini bayan nan, na cancanta.