Wasan Kyauta Ba Ya Zuwa Gida

A rumfar wasanni ta unguwarmu a Tashkent, wata dattijuwa ta rataye jakar burodinta a jikin tsohon injin wasa, irin wanda ake buga ƙwallon ƙarfe da maɓallai biyu. Gajeriya ce, kakkaura, da haƙorin zinariya. Ba ta kallon makin da ke juyawa. Ƙararrawar injin take saurare, tana ɗan tunkuɗar injin da ƙugu duk lokacin da ƙwallon ta nufi rami.

"A hankali, opa, yayata!" in ji Shuhrat mai gyaran injinan. "In kika cika girgiza shi, zai yi fushi ya ɗauke wuta."

"Rufe mini baki, ƙanena. Ya san ni tun ba ka da gashin baki."

Ina jin nan take gudowa tun tana 'yar makaranta. So take ta ji ƙwanƙwasar da injin ke yi idan an ci wasan kyauta, ga shi ƙwallonta ta ƙarshe ke nan. Ƙwallon ta gangaro, ta tare ta da ƙyar, ta mayar sama. Ƙwas! Ta tuntsire da dariya, ta sauke jakarta, ta dube ni.

"Aka, ɗan'uwa, wasan kyauta ba ya zuwa gida, ga miyata a kan wuta. Matso."

'Yata Sarvinoz ce gwanar wannan injin. Rabona da taɓa shi tun rasuwarta. Zuwa kawai nake in saurara. Na matsa. Har yanzu maɓallan da ɗumin hannun matar. Na harba ƙwallon.